Kullen da Na Yi wa Kaina

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya kai ki ɗakinki lafiya, ya tsare ki a hanya da bayan saukarki, ya sa ki shiga Kalambaina da ƙafar dama, ya ba ku zaman lafiya ke da Nasiru. Amin.

Na ba Gwaggo Hajo, ƙanwar babanki, wannan takarda, na ce ta tura ta ƙasan akwatin zannuwanki, kada ta nuna miki sai 'yan rakiya sun watse. Ke ce ta fari a wurina, kunya ba ta taɓa barina in zaunar da ke in yi miki magana baki da baki ba. Ko sunanki ban taɓa kira ba, sai dai in ce "ke" ko "ɗiyar Gwaggo". Nasihar aure kuwa kin sha ta har ta gundure ki, tun makon jiya gwaggonninki ke cusa miki haƙuri da iya miya. Ni ba wannan zan yi ba. Abu ɗaya nake so in hana ki, kada ki zama irina.

Kin tuna ranar sa lalle, da tsohuwar maƙwabciyarmu ta dafa kanki ta ce, "Allah shi sa ki ɗauko halin uwarki. Shekara nawa muna Gidan Dare tare, wa at taɓa ganin ƙahwatta bakin ƙohwa?" Duk matan tsakar gida suka ce amin. Ina daga ɗaki ina jin su, ni kaɗai ce ban amsa ba, sai ma na ce a raina Allah ya kiyaye. Abin da suke kira kamun kai ba kamun kai ba ne. Tsoro ne, kuma ciwo ne, shi ya cinye mini rayuwa.

Ni da kike gani da ba na zama wuri ɗaya. Ina koyarwa a firamare, in na tashi in hau kabu-kabu in wuce kasuwa, daga can in leƙa suna ko gaisuwar mara lafiya. Babanki, Allah ya jiƙansa, yakan tsokane ni ya ce takalmina ya fi na ɗan aike saurin cinyewa. Wata rana gab da sallah, kina goye a bayana, na shiga layin 'yan atamfa a babbar kasuwa. Mutane sun cika maƙil, masu baro na ta ihun a ba su hanya. Ina cikin taya wata atamfa sai na ji zuciyata ta buga da ƙarfi, ta ci gaba da dukan ƙirjina kamar ana sakwara. Numfashi ya ƙi shiga. Yatsuna suka mutu, gumi ya jiƙe ni, rumfunan suka yi nisa da ni alhali ina tsaye a cikinsu. Na tabbata mutuwa ce, na fara kalmar shahada, ina tunanin wa zai kwance ki daga bayan gawata. Wata mai fura da nono ce ta zaunar da ni, ta yayyafa mini ruwa tana cewa, "Sannu baiwar Allah, rana ta, sha ruwa ki huta." Ba a jima ba abin ya sake ni, na tashi da ƙafata na koma gida ba atamfa.

Babanki ya kai ni asibiti, aka auna jini, aka duba zuciya, likita ya ce lafiyata lau. Har haushinsa na ji. Yaya mutum zai leƙa kabari ya dawo a ce masa lafiyarsa lau?

Daga nan na yi kuskuren farko, kuma shi ne uwar sauran. Na daina zuwa kasuwa, na riƙa aike. Duk ranar da ya kamata in je ban je ba, sai in ji wani sanyi a raina, in ce na tsira. Ban san da wannan sanyin ake ciyar da tsoron ba. Abin ya sake kama ni a motar haya, ina kujerar baya an danne ni ta ko'ina, sai na bar shiga motar haya. Ya kama ni a gidan biki, na bar biki. Ya kama ni a filin makaranta yara na jere ana taron safe, sai na fara ƙaryar ciwon kai. Ki fahimce ni da kyau, ba kasuwar nake tsoro ba, ba motar ba. Ina tsoron abin ya dawo mini a inda ba zan iya gudu ba, inda idon mutane zai zubo a kaina. Da sannu na koma tsoron tsoron kansa. Tun daga sa mayafi zuciyata ke fara gudu, ni kuma in ce ai ga shi nan ya taso, in cire mayafin in zauna.

Saboda haka, ɗiyata, duk inda abin ya kama ki, ki koma wurin da wuri, kada ki bari kwanaki su shiga tsakani. Ki tafi da wani in ba ki iya ke kaɗai. In ya taso ki tsaya, ki nemi bango ki jingina, ki riƙa sakin numfashi a hankali har ya wuce. Zai wuce. Ni dai ya kama ni sau ba adadi, ko sau ɗaya bai kashe ni ba, gudun da na yi masa ne ya gama da ni.

Kuskure na biyu ya fi na farko daɗin ɗanɗano. Babanki mutum ne mai tausayi. Da ya ga ina ramewa, kullum da safe ina jan ƙafa, sai ya ce mini, "In aikin ga na wahalshe ki, ki aje shi. Mi kika biɗa wanda ban iya yi miki?" Wallahi bai faɗa don ya danne ni ba. Ni kuwa na cafke maganar da hannu biyu, ban gaya masa abin da ke cikin ƙirjina ba. Kin san gidansu gidan malamai ne. Da kakarki ta wajen uba ta ji na bar aiki na zauna, sai ta sa mini albarka a gaban surukanta duka. Labari ya bazu cewa matar Malam ta saki boko ta kama ɗaki don Allah. Maza suka fara yi wa matansu gori da ni. Har jarirai ake kawo mini in tofa musu addu'a, ni kuma in karɓa in tofa, ina sunkuyar da kai kamar gaske. Matar da ba ta iya kai kanta bakin titi, ita ce ta zama abin koyi a unguwa. In na tuna wannan wani lokaci dariya ke kama ni, sai ta juye ta zama kuka.

Ba ina zagin zaman gida ba ne. Akwai matan da suka zaɓe shi da zuciya ɗaya, Allah ya ba su ladansu. Amma irinsu in lalura ta taso sukan yafa mayafi su fita, su dawo, ba abin da ya dame su. Da wannan za ki gane kanki. In aka ce ga ƙofa a buɗe, ga dalili, ga izinin miji, kika ji kina laluben uzuri, to ba ibada kike yi ba. Kada ki yarda a yabe ki a kan abin da ke cinye ki. Yabon mutane ya riƙe ni a ɗakin nan fiye da kowane kwaɗo.

Da abin ya kai har zaure ya fara gagarata, dole na gaya wa babanki wani abu. Aka ce iska ce. Na sha rubutu, an yi mini ruƙiyya, an turara ni har labulen ɗakina ya canza launi. Ban raina addu'a ba, ita ke riƙe da ni har yau. Amma Allah da ya saukar da ciwon ya turo mini magani har tsakar gida, na mayar da shi. Wata likita ce, ɗiyar aminin babanki, ta zo gaishe mu. Ta zauna a bakin gadona ta yi ta tambayata, ban san lokacin da na zazzage mata komai ba. Ta ce, "Umma, wanga ciwo sananne na, muna ganin masu shi kullum. Zuciyarki lahiya take. Jikinki na adda saurin hirgita, shina kaɗa ƙararrawar haɗari alhali babu haɗarin. Tsoron kar shi dawo shi ah hana ki hita, kuma rashin hitar shi ka ƙara mai ƙarhi." Ta faɗi sunansa da Turanci, ban riƙe ba. Ta ce ana warkewa. Za a koya mini fita kaɗan-kaɗan, yau zaure, gobe bakin ƙofa, jibi ƙarshen layi, in riƙa tsayawa har firgicin ya lafa da kansa, in da buƙata a haɗa mini da ƙwayoyi. Sai dai likitocin da suka iya wannan aiki suna asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa ne.

Nan na murtuke fuska. Na ce mata ni ba mahaukaciya ba ce, ina da ɗiya mace, wa zai aure ta in aka ji uwarta na zuwa can? Ta yi ta lallashi, na juya mata baya. Ga shi yau an aure ki lafiya, sunan gidanmu fes, ni kuma ina nan inda ta bar ni. Na fake da ke, alhali tsoron hanyar ne ya hana ni. Ki yafe mini wannan. Ke kuma in an ce ki ga likitan ƙwaƙwalwa, ki je da rana tsaka kanki a sama. Masu surutu ba su za su zauna miki a ɗaki ba in duniya ta tsuke.

Yanzu zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Kina ƙarama lokacin da Inna, mahaifiyata, ta kwanta ciwon ajali a ƙauyenmu na bakin fadama. Lokacin yankan shinkafa ne. Ƙanena, Kawunki Sani, ya baro gona ya samo mota ya zo da hantsi. Ya tsaya a tsakar gida ko zama bai yi ba, ya ce, "Adda, Inna na kiran sunanki tun sahe. Taso mu tahi." Babanki ya ce in yi maza. Na sa mayafi, na ɗauki jaka, na ratsa tsakar gida, na shiga zaure. Ina hango hasken titi ta ƙofar waje sai ƙirjina ya ɗauka. Na rungume ƙyauren. Motar tana nan, ƙofarta a buɗe, da na miƙa hannu sosai da na taɓa ta. Sani ya ce, "Adda, don girman Allah, ga mota nan gabanki. In ɗauke ki?" Na ce kada ya taɓa ni, mutuwa zan yi. Ya tsaya yana kallona, hawaye na zubo masa, bai gane ba, ni ma ban iya yi masa bayani ba. Daga ƙarshe ya ja motar ya tafi.

Inna ta cika washegari. An ce duk wanda ya ɗaga labule sai ta ɗago kai ta ce, "Ta taho?" Su kuma su ce mata, "Tana hanya." Da wannan maganar ta bar duniya. Tana can tana jirana, ni kuma ina kwance a kan tabarma a nan Gidan Dare, ina jin sanyin nan na cewa na tsira. Mutane suka ce tsananin son uwa ne ya sa na suma a zaure, suka ƙara yabona. Har yau ban ga kabarinta ba, ban ga ɗakin da ta rasu ba. Sani yana gaishe ni, yana aiko mini da shinkafa duk kaka, amma bai ƙara kallona ido cikin ido ba.

Da babanki ya rasu na yi kuka na gaskiya, Allah shaida ne. Amma zan faɗa miki abin kunya. Watannin takaba su ne lokacin da hankalina ya fi kwanciya a duk shekarun nan, domin ba wanda ke sa ran ganina a waje. Ki dubi inda ciwon nan ke kai mutum.

To, ga dalilin wannan takarda. Ranar da kuka je kasuwa sayen kayan ɗakinki ke da Gwaggo Hajo, kun dawo tun kafin azahar ba ku sayi rabin abin da kuka je nema ba. Na ga fuskarki, na ga yadda kike murza yatsunki kina danna ƙirji. Gwaggo ta ce, "Rana ta ta buge ta, ta ɗan yi jiri cikin layin 'yan kwanoni." Maganar mai fura ce sak ta dawo mini bayan shekaru. Na san ko mene ne tun kafin ki zauna. Me na ce miki? Na ce, "Ki zauna gida, a aika." Da bakina na faɗa. Kuma a ƙasan zuciyata, Allah ya gafarta mini, na ji wani ɗan daɗi, na ce na samu abokiyar zama. Uwa ce ta ji haka game da ɗiyarta. Tun ranar nake tsine wa wannan daɗin.

Na zuba miki ido bayan haka. Ba ki koma kasuwa ba. Bikin sunan ƙawarki ma kin aika da turmin atamfa kin ce kanki ke ciwo. In za ki makarantar da kike koyarwa a Gidan Dahala, sai kin daɗe tsaye a zaure kina gyara hijabin da ba abin da ya same shi. Sannan ranar da Nasiru ya zo gaishe ni, ina bayan labule, na ji yana cewa, "Umma, na ce mata in an yi biki ba dole ta ci gaba da aikin ga ba. Kalambaina da nisa, ga manyan motocin siminti bisa hanya. Ta zauna ta huta, ni ina iyawa." Na ji kin ce alhamdu lillahi. Na san wannan muryar, tawa ce. 

Nasiru yaron kirki ne, kamar yadda babanki ya kasance mutumin kirki. Shi ya sa nake tsoro. Mugun miji in ya kulle mace, tana iya kai ƙara wurin iyaye. Wanda ya rufe ki da tausayi, wurin wa za ki kai ƙararsa? Kada ki ajiye aikin nan, aƙalla ba yanzu ba, ba don wannan dalili ba. Ki zaunar da shi ki gaya masa abin da ya same ki a layin 'yan kwanoni, yadda ya faru ba ragi. In bakinki ya yi nauyi ki miƙa masa takardar nan ya karanta, na yafe kunyar. Ki ce masa taimakon da kike so shi ne ya raka ki, ba ya je a madadinki ba. Ku nemi likita tun abin yana ɗanye. Kuma ki yi hankali da wayar hannunki. A zamaninmu sai an nemi ɗan aike, ku kuwa daga kan gado za ku sayi kaya, ku yi barka, ku yi ta'aziyya. Mace na iya ɓacewa shekara guda ba wanda ya lura.

Ni kam tawa ta ƙare, kada ki ɓata hawayenki. Duniyata yanzu ɗaki ce da tsakar gida da madafi. Ina jin sabbin unguwanni a bakin ƙannenki kamar sunayen ƙasashen waje. An biya mini kujerar Makka na ce a ba wani, aka ce kai, wannan mata da sadaukarwa take. Wani lokaci nakan ce gobe zan gwada leƙa ƙofa, goben ta zo in ce sai jibi, yanzu ma na daina yi wa kaina wannan ƙaryar. Na san fitar da ta rage mini guda ɗaya ce, ranar da maza za su ɗauke ni a makara su bi da ni ta zauren nan. Ran nan dai ƙirjina ba zai buga ba. Za su tsaya a ƙofa su ce ba a taɓa ganin ƙafarta a waje ba, kuma gaskiya za su faɗa.

Gobe za a kai ki. Al'ada ta ce uwa ba ta rakiyar amarya, don haka ba wanda zai tambayi dalilin zamana a ɗaki, za a ce kunyar ɗiyar fari ce. Al'adar ta sake rufa mini asiri. Amma ke ki sani, ko da an ce in zo, ba zan iya ba. Kalambaina da ake cewa ga ta nan kusa, ba zan taɓa ganin ɗakinki ba, ba zan san inda kika ajiye gadonki ba. In kin yi rashin lafiya kika tambaya ko na taho, kada ki bari su ce miki ina hanya.

Alfarma ɗaya nake roƙo. Ranar da hutun bikinki ya ƙare, ki sa takalminki ki tafi makaranta, ko ƙirjinki na bugawa. Ki ce wa mai napep ya biyo da ke ta layinmu. Kada ki sauka, kada ki shigo gaishe ni, gidan nan yana da daɗin zama ga irinmu. Ki sa shi ya danna hon a ƙofar gida kawai ku wuce. Ina daga ɗaki zan ji, in san ɗiyata tana waje. Zan kasa kunne tun daga sallar asuba. In rana ta take ban ji ba, na san abin da ya faru, kuma ban san yadda zan ɗauki wannan a kan na Inna ba.

Ban taɓa kiran sunanki ba, yau zan kira. Safiya, ki fita.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya tsare fitarki da komowarki, ya buɗe miki hanyoyin da suka rufe mini. Ya sa ki gama da duniya lafiya. Ki gaida Nasiru. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki.